Mai Cin Abin da Ya Ƙone

Ana gab da kiran magariba shinkafar Umma ta ƙone.

A wani gidan wannan ba abin ba da labari ba ne. A kwashe ta sama, a jiƙa tukunya, a ci a kora da ruwa. Amma gidan nan Umma ce a cikinsa, matar da tun ranar da ta tare a unguwar ba a taɓa jin ƙaurin girki ya haura katangarta ba. Ita ce in maƙwabciya ta aiko mata da ɗanɗano za ta kai loma baki, ta yi jim, sannan ta ce "an gode" da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Manyan 'ya'yanta mata sun tafi gidajen aurensu da irin hannunta na girki, har surukansu na aiko da yabo. Saura Auta, budurwar da ta kusa gama sakandare, shiru-shiru, wadda Umma kan ce ita kam hannun ubanta ta ɗauko. Uban kuwa, Abba, mai gyaran agogo ne, ko ruwan zafi aka ce ya dafa sai ya tambayi inda ake kunnawa.

Yammacin nan Umma na tsaye a kan tukunyarta, ko ƙofar kicin ba ta leƙa ba. Da hannunta ta auna ruwa, da hannunta ta rage wutar gas. Juyawa kawai ta yi ta ɗauko faranti, tana juyowa ta tarar da hayaƙi na bulbulowa ta gefen murfi. Ta buɗe. Ba irin kamun da shinkafa kan yi a gindin tukunya ba ne. Tun daga sama har ƙasa ta zama baƙa ƙirin, kamar wadda aka manta a wuta tun safe.

Ta daɗe tsaye da murfin a hannu. Kicin ɗin ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma ba ta kallon komai sai wani siririn lungu tsakanin bango da katangar gida, inda mutum ba ya iya shiga sai a karkace, don haka ba mai shiga. Hasken da ke shigowa ta nan ya yi ja, yana dusashewa. Unguwar ta yi irin shirun nan na kafin kiran salla, lokacin da aka kora yara cikin gida, masu shaguna suka fara jawo ƙofa.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Kin taɓa min wuta?"

"Ina tsakar gida, shanya nake kwashewa."

Ga ta kuwa a bakin ƙofa da kaya a kafaɗa. Umma ta buɗe baki za ta yi faɗa, don faɗa ba ya yi mata wuya, sai ta lura yarinyar ko tukunyar ba ta kalla ba. Tagar take kallo, leɓenta ya bushe.

Abba ya dawo daga masallaci ya tarar da biredi da shayi a kan tabarma. Ya dubi tiren, ya dubi matarsa.

"Yau kuma wa aka kwantar a asibiti?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya gyara zama ya gutsuri biredinsa, yana kaiwa baki wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro a hankali ya dira tsakar gida. Suka ɗaga kai. Wani ya biyo, sannan wani. Abba ya fita da tocila har waje, ya zaga bayan katanga yana faɗa da yaran da bai gani ba. Layin babu kowa sai wata akuya a kwance.

Tun daga ranar gidan bai sake zama daidai ba. Da rana lafiya lau, a dafa abin da aka ga dama. Amma da zarar rana ta karkata, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, duk abin da aka ɗora a wuta sai ya ƙone. Ƙwai ya zama gawayi tun bai gama bazuwa a kasko ba. Taliya ta manne ta yi baƙi alhali ruwa na kanta. Madara ta tafasa ta ƙafe kafin a ajiye cokali. Aka kira mai gyaran gas, ya kwance ya ɗaure, ya hura nan ya goge can, ya ce shi bai ga komai ba. Umma ta sauko da tsohon risho daga saman kabad, shi ma haka. Ta hura gawayi a tsakar gida, ta zauna ta tasa tukunya a gaba ko ƙiftawa ba ta yi, a kan idonta miya ta koma kwalta.

Matar da ba ta taɓa sanin kunyar kicin ba ta koma rufe tagogi tun la'asar, tana toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kar ƙauri ya fita. Ya fita kuwa. Maƙwabciyar nan da ta sha "an gode" ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Auta, lafiya dai? Kwana biyu muna jin wani ɗan ƙamshi." Umma ta ce shara suke ƙonawa.

Zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta sake jera kwanuka, ta tsaya tsakar gida tana sauraron abin da ba ta san ko mene ne ba. Wani lokaci ta rantse ta ji numfashi a lungun bayan taga, irin na wanda ya gaji da tsayuwa, Abba ya haska tocila ta tagar bai ga komai ba sai duhu da busassun ganye. Jifa kuma bai fasa ba, kullum tsakanin magariba da isha'i, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe. Da safe Abba ya share baƙaƙen abubuwan da aka jefo ya tara a tsohon bokiti, ya ce gawayi ne, in ya kama ɗan da ke yi sai ya gane kurensa. Faɗa kawai yake, shi ma ya daina zama a tsakar gida in rana ta faɗi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke samun Auta. Yarinyar ta daina cin abinci. A zuba mata na rana, mai kyau, ta jujjuya cokali ta ture. Wuyanta ya fito, idanunta suka faɗa. Ba ta shiga kicin sai da ɗan agogon nan mai ƙararrawa a hannu, wanda ta roƙi Abba ya kawo mata daga shago watannin baya, ta ce don ta riƙa sanin lokacin sauke kek. Kek ɗin ƙarshen mako aikinta ne tun tana ƙarama, Umma ta ɗora mata don hannunta ya faɗa. Da can sai ta wuni a kulle a kicin kafin ta fito da shi, Umma na mitar fulawa da ƙwai na ƙarewa kamar da ɓera a gidan. Tun zuwan agogon kuwa ta daina daɗewa, fulawa ta fara auki. Yanzu agogon take runguma ko'ina, har wurin kwanciya.

Wata magariba Umma ta idar da salla ta ji ana kankarar tukunya a kicin. Ƙarar cokali a jikin ƙarfe, a hankali, ba gaggawa. Ta leƙa. Auta ce tsugune a duhu, ta juya wa ƙofa baya, ta sa tukunyar da ta ƙone tsakanin ƙafafunta, tana kankaro baƙin tana turawa a baki.

"Auta, me kike yi?"

Cokalin ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"Wannan ba ya ƙosarwa," in ji wata murya daga bakin yarinyar, muryar tsohuwa, a shaƙe. "Ba irin na da ba ne."

Umma ta ja da baya. Ta laluba bango ta kunna fitila. Auta ta waiwayo tana ƙifta ido, ta dubi hannunta, ta dubi tukunyar, ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta san yadda aka yi ta zo nan ba. Umma ta wanke mata baki ta kai ta ɗaki. Tsoro ta ji, tsoro sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Duk da haka, da ta gaya wa Abba ya ce a kira Malam, sai ta noƙe.

"A ɗan dakata. Zazzaɓi ne, zai wuce."

"Zazzaɓi da muryar tsohuwa?"

"Ka kira shi, gobe kowa ya ji girki na ƙonewa a gidana har 'yata na cin gawayi."

Abba ya ɗauki buta ya fita. Haka Allah ya yi Umma, ko gidan ne ke cin wuta sai ta fara tunanin wa ya gani.

Ranar Asabar Auta ta ɗan ji dama, ta tashi wajen la'asar ta ce za ta yi kek. Umma ta ce ta yi sauri kafin rana ta karkata, a ranta kuwa daɗi ta ji na ganin ta a tsaye. Daga tsakar gida tana jin ta tana fasa ƙwai, tana buga bota da sukari, ta ji an rufe obin ɗin gashi, an murɗa agogo. Ita kuma ta rasa abin yi da hannunta, ta jawo bokitin Abba za ta zubar. Wani dunƙule ya faɗo ya rabe biyu a ƙafarta.

Cikinsa ba baƙi ba ne. Ruwan ƙasa ne, da 'yan ƙofofi irin na abin da ya tashi a wuta. Ta ɗauka ta kai hanci. Can ƙarƙashin ƙauri da ƙura akwai sukari, akwai bota. Ta juya shi, sai ga gefensa da tsaga-tsaga a jere, da wata 'yar lotsawa a kusurwa. Shatin gwangwanin kek ɗinta ne, wanda ya taɓa faɗuwa ya lotse, babu irinsa biyu. Ta zazzage bokitin a ƙasa. Ga guntayen kek, ga curin shinkafa, ga wani abu mai faɗi da ya taɓa zama soyayyen ƙwai, wasu sun bushe sun yi tauri kamar dutse, da gani sun shekara.

"Auta. Zo nan."

Yarinyar ta fito da fulawa a gaban riga. Tana ganin abin da ke ƙasa ta tsaya cak.

"Mene ne wannan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba da ke nake ba? Gwangwanina ne ko ba nawa ba? Yaushe aka ƙona wannan duka a gidan nan ban sani ba?"

A kicin agogo ya fara ƙara. Auta ta juya za ta tafi.

"Ina miki magana kina juya min baya? Dawo nan ki tsaya."

"Umma, kek ɗin..."

"Na ce ki tsaya."

Ta tsaya. Agogon ya yi ta yi har ya gaji ya yi shiru. Umma kuwa ba ta gaji ba. Ta ɗauko tun daga fulawar da aka yi ta ɓarnatarwa, ta biyo ta kan yayyenta da ba su taɓa ba ta kunya ba, ta gangaro kan abin da dangin miji za su ce wata rana in ta je musu da wannan hannun. Auta na tsaye, kanta a ƙasa, yatsunta na murza gefen riga. Inuwar katanga ta matso har ta rufe ƙafafunsu. Sai ƙauri ya iso.

Wannan ba irin ƙaurin kwanakin nan ba ne mai zuwa farat ɗaya. A hankali ya zo, sukari ya fara, sannan ɗaci, ƙaurin abin da aka bari ya wuce lokacinsa. Auta ta ɗago, fuskarta ta koma ta ƙaramar yarinya, ta ruga kicin. Umma ta bi ta. Ta same ta tsaye gaban taga, ta riƙo gwangwanin da tsumma, kek ɗin ya yi baƙi yana hayaƙi. Ta miƙa shi wajen tagar, ta janye. Ta sake miƙawa, ta janye.

"Ba zan ba ki ba," ta ce da tagar, a hankali. "Na ce na daina."

Ta dire gwangwanin a kan tebur, ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido, ba Auta ce ke kallon Umma ba.

Wannan karon ba wanda ya tsaya tunanin unguwa. Umma da kanta ta kira Abba a waya, ya rufe shago, ana idar da magariba ya ɗauko Malam a bayan babur.

Malam dattijo ne siriri, mai ƙaramar murya da yawan tari, wanda ya karantar da rabin iyayen unguwar. Aka ce ya shiga falo, ya ce a'a, a kai shi inda abin yake. Aka ajiye masa 'yar kujera a ƙofar kicin. Auta na zaune a ƙasa, ta jingina da bangon da ke ƙarƙashin taga, ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi, idonta a kan gwangwanin da ke tebur. An yi an yi a ɗaga ta, ta fi buhun siminti nauyi.

Malam ya nemi ruwa a kofi, ya yi bismillah, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Karatun ya cika ɗan kicin ɗin, fitila ta yi ƙasa ta dawo, kwanukan da ke kife a kwando suka fara kaɗawa su kaɗai. Jifa ya sauko a kan rufi kamar ƙanƙara, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Abba na tsaye bayan Malam yana motsa baki. Umma ta dafa ƙofa.

"Ya isa, malam," in ji muryar. "Kana ƙona ni. Ni ba faɗa na zo yi ba."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya ce. Nan bayan taga nake, tun ba a yi wa gidan nan rufi ba."

"Me ya haɗa ki da yarinyar mutane?"

"Yunwa."

"Abincin gidan nan ba naki ba ne."

"Ni ba ɓarauniya ba ce, malam, miƙo min ake yi. Tambayi matar gidan, ga ta nan tsaye. Ranar da yarinyar nan ta fara soya ƙwai, tun sai ta taka kujera take kai wa kasko, ya ƙone mata. Me kika ce mata?"

Umma ba ta tuna ba. Da gaske ba ta tuna ba, ta faɗi abubuwa da yawa a kicin ɗin nan.

"Kika ce wadda ba ta iya soya ƙwai ba, ba 'yarki ba ce. Ina bayan taga, da kunnena na ji. Na ce to, ni ina so. Washegari ya sake ƙone mata, ba kya nan. Ta hau kujera, ta turo shi ta taga, ta ce, 'Na bayan taga, ga naku, ku rufa min asiri.' Shirme ne irin na yara, kuka na cin ta. Na ci, na kuwa rufa. Shekara da shekaru ina rufawa. Ta ƙona, ta miƙo min, ta sake kwaɓa wani da sauri ta kai miki mai kyau, ki ɗanɗana ki ce sukari ya yi yawa. Ni ban taɓa ce mata wani abu ya yi yawa ba."

Abba ya juyo ya dubi matarsa, ya mayar da kai. Da ya yi magana da ya fi mata sauƙi.

"To me ya sa kika hana gidan zaman lafiya?" in ji Malam.

"Kuskure na yi. Rannan ta miƙo min wani, ya yi min daɗi, na ce mata na gode. Shi ke nan ta firgita, ta je ta samo wannan abin mai ƙara, ta daina ƙonawa. Na jira, na jira. Na ƙona na uwarta da kaina, ba ya ƙosarwa, sai wanda aka ba ni. Mu ba ma taunawa irin naku, daɗin muke zuƙewa mu bar busasshen. Shi na yi ta jefo musu ko za a tuna da ni. Ba wanda ya tuna."

"Yanzu me kike so?"

"'Yata. Uwarta ta yar, ni na tsinta."

Malam ya gyara zama. Ya tsoma yatsu a kofi ya yayyafa mata, ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya banƙare, dugaduganta na dukan siminti, wani nishi na fita daga ƙirjinta wanda ba na mutum ba. Umma ta yunƙura za ta shiga, Abba ya riƙe mata hannu.

"Na bari, na bari. Bar ni haka, tsohuwa ce ni."

"Uwa ta yi magana cikin fushi, ba shi ya ba ki 'ya ba. Ba ki da kowa a gidan nan."

"To a riƙa ajiye min nawa. Ba da yawa ba. Duk magariba a ɗan ƙona wani abu a turo ta taga, ba za ku sake jin ɗuriyata ba."

"Ko ƙwayar shinkafa ba za a ajiye miki ba. Yarinya ta yi da rashin sani, mu da saninmu ba za mu yi ba. Ki fita, ki bar lungun nan, ki nemi wani wurin."

Agogon Auta na ta tafiya a kan tebur. Da muryar ta dawo, babu tsiwa a cikinta. Ta yi ƙasa, kamar ta mai shirin tafiya da ke duba abin da zai bari.

"Zan fita, ka fi ƙarfina. Amma ka faɗa min, malam. Wannan abin mai ƙara zai lalace wata rana, ko a tsare ta da faɗa kamar yau. Za ta sake ƙonawa, hannunta haka yake. Za ta tsaya nan tana rawar jiki, ta rasa inda za ta kai. In ba ni, wa zai ci? Ga shi can a tebur, na yau. Ka nuna min mai ci, in tafi ba waiwaye. In babu, ko ka kore ni yau, ita da kanta za ta neme ni."

Malam ya dubi gwangwanin. Ya yi tari. Karatu ya sani, amma wannan tambayar ba tasa ba ce.

"Ni," in ji Umma.

Bakin Auta ya yi dariya, 'yar gajeriya. "Ke? Ke da ko na maƙwabta sai kin yatsina?"

Umma ta dubi Malam.

"Abinci ne, 'yarki ta yi," ya ce. "Ba don ta ce ba. In za ki ci, ki yi bismillah ki ci."

Ya janye ƙafa, ta shiga. Ta ɗauko gwangwanin, ta zauna a ƙasa dab da 'yarta, gwiwa na taɓa gwiwa. Ba ta nemi wuƙa ba, ba ta kankare saman ba. Da hannu ta ɓantaro, ɓawon ya ruguje mata a yatsu, ta kai baki.

Ɗaci ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa. Ya bushe, yana ƙurus-ƙurus a haƙori kamar yashi, ya tsaya mata a wuya ya ƙi wucewa. Ta haɗiye da ƙarfi. Ta sake ɓantarowa. Idanun da ba na Auta ba suna bin hannunta daga gwangwani zuwa baki, daga baki zuwa gwangwani. A loma ta nawa ne, oho, ta isa tsakiya, inda wuta ba ta kai ba. Nan kuwa laushi, ga bota daidai, ga sukari daidai, ya tashi yadda ake so. Kek ne mai kyau, da an bar yarinyar ta sauke shi lokacin da agogo ya kira ta. Nan hawaye ya ƙwace mata. Baƙin ciki ta ji, da kunya, ba kunyar unguwa ba, kunyar yarinyar da ke zaune gabanta. Ba ta daina ci ba.

"To," in ji muryar, can ƙasa. "To, shi ke nan." Ta yi ajiyar zuciya. "Ba ta son a tsaya mata a kai in tana fasa ƙwai. Shi ke sa ɓawo faɗa mata ciki. Ki riƙa ba ta wuri."

Auta ta yi atishawa, ta sake yi, kanta ya langaɓe a kafaɗar uwarta. A lungun bayan taga aka ji wani abu na jan jiki, a hankali, yana gogar bango, ya yi nisa, ya yi nisa, har aka daina ji. Iska mai sanyi ta shigo ta tagar, rabon da a ji iska ba ƙauri a kicin ɗin har an manta. Malam ya shafa addu'a, ya ce gobe a share lungun a toshe shi. Abba ya fita raka shi yana goge ido da hula, wai hayaƙi ne.

Aka bar su su biyu a ƙasan kicin. Can Auta ta motsa, ta buɗe ido, nata idon, ta yi ta kallon rufi kamar mai tuna inda take. Sannan ta ga gwangwanin a cinyar Umma, ta ga baƙi a leɓenta da yatsunta. Ta kai hannu da sauri za ta janye shi ta tura bayanta.

"Umma, kar ki ci, ya ƙone. Zan sake wani yanzu, wallahi ba zan daɗe ba."

Umma ta riƙe gefen gwangwanin gam. Da ɗaya hannun ta jawo kan yarinyar ta mayar a kafaɗarta.

"Na ga ya ƙone," ta ce, bakinta cike. "Sakar min abina, ban gama ba."